Abin da Ikilisiyar ECWA ta gaskata: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan tasowa a ajin baptisma, da taron zumuntar matasa, da kuma bakin maƙwabta da abokan aiki waɗanda ba Kirista ba. Wasu daga mai neman sani suke fitowa, wasu daga mai neman gardama, amma duka sun cancanci amsa. An sa ayoyi a wurare da dama domin mai karatu ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya duba da idonsa.

Daga ina ECWA ta samo asali?

A watan Disamba na 1893 wasu samari uku suka sauka Legas da niyyar kai bishara cikin yankin da Turawa suke kira Sudan a lokacin, wanda ya haɗa da arewacin Najeriya ta yau. Su ne Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo a jikinsa. Sai a 1902 aka sami kafa tasha ta farko a Patigi, ƙasar Nupe. Ƙungiyar mishan da ta fito daga wannan aiki ita ce SIM, wato Sudan Interior Mission. A 1954 ikilisiyoyin da SIM ta kafa a Najeriya suka haɗu suka zama ECWA (a yau Evangelical Church Winning All), wadda hedkwatarta take Jos. A Nijar ma akwai ikilisiyoyin da suka fito daga aikin SIM, musamman wajejen Maraɗi da Damagaram, kuma tushen koyarwarsu ɗaya ne da namu.

Me ya bambanta ta da sauran ikilisiyoyi?

A manyan abubuwa, wato Allah ɗaya cikin uku, allahntakar Yesu, mutuwarsa da tashinsa, bakinmu ɗaya da COCIN da Baftis da Angilikan da Katolika. Abin da ikilisiyoyin bishara irin su ECWA suka fi nanatawa shi ne cewa Littafi Mai Tsarki ne mai yanke hukunci na ƙarshe, ceto ta wurin gicciyen Almasihu ne kaɗai, kowane mutum sai ya tuba ya gaskata don kansa, kuma wanda ya gaskata yana da alhakin gaya wa wani. Da Katolika mun rabu a kan ikon Fafaroma, da roƙo ta wurin Maryamu da tsarkaka, da ma'anar jibin Ubangiji. Da ikilisiyoyin Fentikos kuwa, yawancin saɓanin a kan magana da harsuna ne da annabci, za mu zo wurin.

Me kuka gaskata game da Littafi Mai Tsarki?

Mun gaskata cewa littattafai 66 ɗin nan, 39 na Tsohon Alkawari da 27 na Sabon Alkawari, hurarriyar maganar Allah ce (2 Timoti 3:16). Ba a saukar da shi daga sama a dunƙule ba. Mutane ne suka rubuta, sarki kamar Dawuda, makiyayi kamar Amos, likita kamar Luka, masunci kamar Bitrus, kowa da salonsa, Ruhu Mai Tsarki yana bi da su (2 Bitrus 1:21). An rubuta Tsohon Alkawari da Ibrananci, da ɗan kaɗan cikin Aramiyanci, Sabon Alkawari kuma da Girkanci. Cikakken juyi na Hausa ya fara fitowa a 1932.

Abin da wannan yake nufi a aikace shi ne, fasto ba ya sama da Littafi. Mafarki ba ya sama da shi, al'adar gida ba ta sama da shi, tsarin mulkin ECWA ma ba ya sama da shi. Mutanen Biriya sun riƙa bincika Nassi kullum don su ga ko abin da Bulus da kansa yake faɗa haka yake, aka kuma yaba musu (Ayyukan Manzanni 17:11). In an yi wa Bulus haka, babu rabaran ɗin da zai ji haushi don ɗan ikilisiya ya tambaye shi inda aka rubuta abin da ya faɗa a bagadi.

Ba an canza Littafin ba ne?

Wannan tambaya tana da amsar da ake iya taɓawa da hannu, domin tsofaffin rubuce-rubucen suna nan. Akwai kofe-kofen Sabon Alkawari na Girkanci fiye da 5,000 da aka rubuta da hannu. Biyu daga cikin manyansu, wanda aka samo a Sina'i da wanda yake ajiye a Batikan, na ƙarni na 4 ne. A 1947 aka fara gano naɗaɗɗun littattafai a kogunan da suke kusa da Tekun Gishiri, cikinsu har da littafin Ishaya cikakke, wanda aka rubuta tun kafin haihuwar Yesu. Da aka gwada shi da Ishaya da muke karantawa, saƙon bai canza ba.

Akwai bambance-bambance tsakanin kofe-kofen, ba a ɓoye su ba. Yawancinsu kuskuren mai kwafa ne, harafi ya faɗi ko kalma ta wuce gaban wata. Akwai wurare biyu masu tsawo da ba su cikin kofe mafi tsufa: ƙarshen Markus 16 daga aya ta 9, da labarin matar da aka kama da zina a Yahaya 8. Juyi da yawa suna rubuta haka a ƙasan shafi. Babu wata koyarwar bangaskiya da ta rataya a kan waɗannan wurare.

Kuna bauta wa alloli uku ne?

A'a. Allah ɗaya ne, babu wani. Haka aka rubuta a Maimaitawar Shari'a 6:4, Yesu kuma ya maimaita shi a Markus 12:29 a matsayin umarni na farko. Kiristan da ya ce alloli uku ne ya fita daga bangaskiyar Kirista.

Abin da muke faɗa shi ne, wannan Allah ɗaya ya bayyana kansa Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Uba Allah ne, Ɗa Allah ne, Ruhu Allah ne, amma Uba ba shi ne Ɗa ba, Ɗa kuma ba shi ne Ruhu ba. A bakin Kogin Urdun ranar baptismar Yesu, Ɗa yana cikin ruwa, Ruhu ya sauko, murya ta zo daga sama. Maryamu ba ta cikin ukun nan, ko da yake mutane da yawa a waje suna zaton haka. Taron Nikiya na shekarar 325 bai ƙirƙiro wannan koyarwa ba. An kira shi ne domin wani malami mai suna Ariyus ya fara koyar da cewa Ɗa halitta ne, shugabannin ikilisiya suka taru suka rubuta abin da aka riga ake gaskatawa.

Malaman makarantar Lahadi suna son su kwatanta da duwatsun murhu uku, ko ruwa da ƙanƙara da tururi. Niyyarsu mai kyau ce, amma gara a bar waɗannan misalai. Dutsen murhu ɗaya ba murhu ba ne, alhali Ɗa cikakken Allah ne, ba kashi ɗaya cikin uku ba. Ruwa kuma rikiɗa yake yi daga wannan zuwa wancan, Uba kuwa bai rikiɗe ya zama Ɗa ba. Babu abin da ya yi kama da Allah cikin halittarsa.

Yaya za a ce Allah yana da ɗa? Ya yi aure ne?

Allah ya kiyaye. Babu Kiristan da ya gaskata cewa Allah ya yi aure ko ya haihu irin haihuwar mutane. Ɗa yana nan tun fil'azal, ba shi da mafari. Yahaya ya buɗe bishararsa da cewa tun farko akwai Kalma, Kalman yana tare da Allah, Kalman kuwa Allah ne, sa'an nan a aya ta 14 ya ce Kalman ya zama mutum ya zauna a cikinmu. Budurwa Maryamu ta ɗauki cikinsa ta ikon Ruhu Mai Tsarki, ba namijin da ya san ta. Saboda haka Yesu cikakken Allah ne kuma cikakken mutum. Ya ji yunwa, ya gaji har ya yi barci a cikin jirgin ruwa, ya yi kuka a kabarin Li'azaru. Shi ɗin ne kuma ya gafarta zunubi, ya tsawata wa iska ta kwanta, ya karɓi sujadar Toma bai hana shi ba.

Me ya sa dole sai ya mutu? Allah ba zai iya yafewa kawai ba?

Amsar tana komawa ga yadda muka fahimci zunubi. A wurinmu zunubi ya wuce kuskure ko mantuwa. Tawaye ne da ya fara daga Adamu ya bi dukan zuriyarsa, har ya zama ba a koya wa yaro ƙarya ko rowa, da su yake tasowa. Romawa 3:23 ta ce duka sun yi zunubi, Romawa 6:23 kuma ta ce sakamakon zunubi mutuwa ne. Allah mai jinƙai ne, amma mai adalci ne kuma, ba ya kau da kai daga mugunta kamar ba a yi ba. A kan gicciye ne jinƙai da adalci suka haɗu: marar zunubi ya ɗauki hukuncin masu zunubi. Ishaya 53 ya yi maganar wannan ɗaruruwan shekaru kafin a yi.

Mun gaskata cewa an gicciye shi da gaske a zamanin Fontiyus Bilatus, ba wani aka sa a madadinsa ba. Ya mutu, an binne shi, a rana ta uku ya tashi da jikinsa. Bulus ya ce in Almasihu bai tashi ba, bangaskiyarmu banza ce (1 Korantiyawa 15:17).

To, yaya mutum zai sami ceto?

Ta wurin alheri, ta hanyar bangaskiya, ba ta ayyuka ba (Afisawa 2:8-9). Mutum ya yarda shi mai zunubi ne, ya tuba, ya dogara ga Yesu Almasihu shi kaɗai. Wannan ita ce sabuwar haihuwar da Yesu ya gaya wa Nikodimu a Yahaya 3. A kan wannan batu ne Martin Luther ya ta da magana a Jamus a 1517, lokacin da ake sayar wa mutane takardun gafara.

A nan ne ya kamata a tsaya, domin ruɗewar ba a waje kaɗai take ba, tana zaune a kujerunmu. Ka tambayi mutum ko yana da ceto, sai ya ce ai kakansa ne ya ba da filin da aka gina majami'ar. Wata ta ce shekara ashirin tana zumuntar mata, ba ta taɓa fashin taro ba. Wani ya shiga ɗaki ya fito da katin baptisma a cikin leda, ya goge ƙura ya nuna maka sa hannun fasto. Duk waɗannan abubuwa ne masu kyau, amma babu wanda yake ceto a cikinsu. Sunan Bitrus ko Rahila ba ya ceto. Haihuwa a gidan fasto ba ta ceto. Ɗan dattijon ikilisiya da wanda jiya ya fara jin sunan Yesu, ƙofa ɗaya za su bi. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu bai yi baptisma ba, bai ba da zakka ba, bai shiga kwaya ba, amma an ce masa a ranar zai kasance a Firdausi.

Ke nan mutum zai iya yin abin da ya ga dama tunda ba ayyuka ne suke ceto ba?

Bulus ya riga ya ji wannan tambaya, ya amsa a Romawa 6: ko kaɗan. Ayar da take bin wadda muka ambata, Afisawa 2:10, ta ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Yakubu kuma ya ce bangaskiyar da ba ta da ayyuka matacciya ce. Ayyuka suna biyo bayan ceto, ba su suke saye shi ba. Wanda ya ce ya sami sabon rai amma mudunsa na kasuwa bai canza ba, yana dukan matarsa kamar dā, to akwai dalilin da zai sa ya binciki kansa.

Wanda ya sami ceto zai iya rasa shi?

Mun dogara ga maganar Yesu a Yahaya 10:28, cewa ba mai ƙwace tumakinsa daga hannunsa. Mai bi na gaskiya yana iya faɗuwa, faɗuwa mai muni ma, kamar yadda Bitrus ya yi mūsun Ubangijinsa sau uku, amma Allah yana dawo da nasa. Akwai masu bi na ƙwarai a wasu ikilisiyoyi da suke ganin mutum yana iya juya baya gaba ɗaya, suna kafa hujja da Ibraniyawa 6. Ba mu ɗauke su kamar waɗanda suka bar bangaskiya ba.

Me ya sa ba ku yi wa jarirai baptisma?

Domin a Sabon Alkawari tuba da bangaskiya ne suke zuwa kafin ruwa, jariri kuwa bai kai ga yin ko ɗaya ba. Iyaye suna kawo yaro a miƙa shi ga Allah, a yi masa addu'a, su kuma su ɗauki alkawarin reno. In ya girma ya gaskata, sai ya shiga ajin baptisma, dattawa su ji shaidarsa. Ana nutsar da mutum gaba ɗaya cikin ruwa, a rafi ko dam ko kwarmin da aka gina a harabar majami'a, cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Shiga ruwa da fitowa hoto ne na mutuwa da tashi tare da Almasihu (Romawa 6:4). Ruwan da kansa ba ya wanke zunubi.

Jibin Ubangiji fa?

Tunawa ne da mutuwar Yesu, kamar yadda ya umarta a daren da aka bashe shi. Gurasar ba ta rikiɗa ta zama nama, abin shan ba ya rikiɗa ya zama jini. Masu bi da aka yi wa baptisma, waɗanda ba su ƙarƙashin horo, su ne suke ci. Bulus ya gargaɗi kowa ya auna kansa kafin ya miƙa hannu (1 Korantiyawa 11:28), shi ya sa wanda yake gaba da ɗan'uwansa ya kamata ya je su shirya tukuna.

Ana cewa 'yan ECWA ba su da Ruhu Mai Tsarki tunda ba su yin harsuna. Gaskiya ne?

Matasanmu da suka je jami'a sun sha jin wannan. Romawa 8:9 ta ce wanda ba shi da Ruhun Almasihu ba nasa ba ne, wato duk mai bi na gaskiya yana da Ruhu tun ranar da ya gaskata. Ba sai ya jira wani abu na biyu ba. Bulus ya tambaya a 1 Korantiyawa 12:30 ko duka ne suke magana da harsuna, amsar da yake nufi kuwa a'a ce. Saboda haka ba mu yarda cewa harsuna su ne shaidar samun Ruhu ba. Shaidar da Galatiyawa 5:22-23 ta bayar ita ce ƙauna, farin ciki, salama, haƙuri, kirki, nagarta, aminci, tawali'u da kamunkai. Muna addu'a domin marasa lafiya, mun kuma gaskata Allah yana warkarwa, amma ba mu hana kowa zuwa asibiti. ECWA da kanta tana da asibitoci, kamar na Egbe da asibitin ido na Kano.

Idan na ba da zakka da baiko, Allah zai azurta ni?

Ana koyar da bayarwa, da ita ake riƙe fasto da masu bishara na EMS, ƙungiyar mishan ta ECWA, da suke ƙauyuka masu nisa. Amma bayarwa godiya ce, ba jari ba ce. Koyarwar da take cewa ka shuka dubu goma ka girbe miliyan, ko cewa talauci da ciwo alamar rashin bangaskiya ne, ba tamu ba ce, ko da ta fara leƙowa ta wasu bagadanmu. Bulus ya san yunwa da kurkuku, ya kuma roƙi Allah sau uku ya cire masa ƙaya daga jikinsa, ba a cire ba. Wa zai ce Bulus ba shi da bangaskiya?

Kun yarda akwai aljanu da mayu?

Mun gaskata akwai Shaiɗan da mugayen ruhohi, kuma Almasihu ya ci nasara a kansu (Kolosiyawa 2:15). Saboda haka mai bi ba ya zuwa wurin boka, ba ya ɗaura laya ko guru, ba ya binne wani abu a ƙofar gida. Haka kuma ba shi da izinin nuna wata tsohuwa ko wani maraya da yatsa ya ce su ne suka kama yaronsa. An zalunci mutane da yawa ta wannan hanya, wani lokaci da sunan addu'a, kuma zunubi ne.

Mene ne horon ikilisiya?

Idan mai bi ya faɗa cikin zunubin da ya fito fili, kamar zina ko sata ko buguwa, dattawa sukan dakatar da shi daga jibi da riƙon muƙami na wani lokaci. Matiyu 18:15-17 ta nuna matakan: a fara zuwa wurinsa shi kaɗai, sa'an nan da mutum ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe a kai gaban ikilisiya. Manufar maido da shi ce, ba tozarta shi ba. Inda ake sa yarinyar da ta yi ciki ƙarƙashin horo a bar wanda ya yi mata yana rera waƙa a gaba, ko a ɗaga wa mai kuɗi ƙafa, an bar abin da aka rubuta.

Mace tana iya zama fasto?

ECWA ba ta naɗa mata fastoci, bisa ga fahimtarta ta 1 Timoti 2 da 3. Wasu ikilisiyoyin bishara suna naɗawa. A gaban Allah kuwa darajar mace da namiji ɗaya ce (Galatiyawa 3:28), kuma duk wanda ya san yadda majami'un karkara suke tafiya ya san nauyin da zumuntar mata take ɗauka, daga bishara zuwa ziyarar marasa lafiya da gwauraye.

Me zai faru bayan mutuwa, da kuma ƙarshen duniya?

Mai bi da ya mutu yana tare da Ubangiji nan take (2 Korantiyawa 5:8). Babu wani wurin tsarkakewa a tsakani, shi ya sa ba mu yi wa matattu addu'ar neman gafara. Taron jana'iza don ta'azantar da masu rai ne. Yesu zai dawo da kansa, a bayyane. Za a ta da matattu duka, masu ceto zuwa rai madawwami, waɗanda suka ƙi shi zuwa hukunci madawwami. A makarantunmu na Littafi Mai Tsarki ana koyar da fyaucewar ikilisiya (1 Tasalonikawa 4:16-17), da kwanakin tsanani, da mulkin shekara dubu na Wahayin Yahaya 20. Masu bi na gaskiya sun bambanta a kan yadda waɗannan za su jeru, ba kuwa abin raba zumunci ba ne.

Game da rana kuwa, an sha sa ta, ta zo ta wuce. Wani mai wa'azin rediyo a Amurka, Harold Camping, ya ce 21 ga Mayu 2011 ne, har wasu mabiyansa suka kashe dukiyarsu wajen tallar ranar. Yesu ya ce ba wanda ya san ranar ko sa'ar, ko mala'ikun sama, sai Uba kaɗai (Matiyu 24:36).